Yadda ake renon gawo, kuka da tsamiya daga iri a Damagaram

Masu sha'awar furanni kan ci karo da hoton magnoliya a Facebook, farin fure mai faɗin santimita 20 zuwa 30 a tsakiyar ganye mai sheƙi, sai su shiga cigiyar irinta, suna tambaya ko za ta yi a Damagaram. Wannan mai manyan furannin ƴar kudu maso gabashin Amurka ce, jihar Misisipi ma ita ta ɗauka alamarta, wasu danginta kuma suna Sin da Japan. Irinta ba ya tsira sai an wanke jan naman da ke jikinsa, an ajiye shi cikin danshi da sanyin kusan digiri 4 har wata 2 zuwa 3, domin a can sai hunturu ya ratsa shi yake farkawa. Ko ka yi masa wannan hidima a firji, iccen na son ƙasa mai tsami wadda ba ta rabuwa da laima, kuma yakan shekara 10 ko fiye kafin ya ba ka fure. Mu kuwa ruwan da ke sauka a birnin Zinder yana kai-komo ne a wajen milimita 400 a shekara, yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba, a Afrilu da Mayu kuma zafi ya haura digiri 40. Wanda ya sayi irinta ya yi asarar kuɗinsa.

Namu itatuwan ba sanyi suke jira ba. Gawo da kuka da tsamiya sun lulluɓe ƙwayarsu da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa da wuri, don kada yayyafin farko ya ruɗe su su tsiro, fari ya biyo baya ya kashe su. A daji, sai iri ya bi ta cikin akuya ko raƙumi, ko ya sha rana da damina har ɓawon ya gaji, sannan yake fitowa. Mai reno ba shi da wannan haƙurin, don haka aikinsa uku ne: ya buɗe wa ruwa hanya cikin ɓawon, ya daidaita lokacin shuka da lokacin da damina za ta zauna, ya kuma hana saiwa lalacewa a leda. Sauran duk tsaro ne daga bakin bisashe.

Kafin ka nemi iri, duba gonarka

In gonarka tana da kututturai masu toho da ƙananan gawon da suka fito da kansu, fara da su. Sassabin zamani ke nan: a bar tsiron, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a yanke sauran. Ta wannan hanya manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka maido da itatuwa a gonaki tun daga tsakiyar shekarun 1980, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da icce wajen miliyan 200. A yankin Magarya, Matamaye da Miriya kaɗai an yi maganar kusan hekta miliyan 1, gawo ne kuma ya fi yawa. A Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki. Tsiron da ya fito daga tsohuwar saiwa ya riga na leda nisa, ba ya neman ban ruwa. Iri na wurin da ba a bar komai ba ne: gonar da aka share ƙarƙaf shekara da shekaru, tsakar gida, filin makaranta, bakin masallaci, iyakar garka.

Sai zaɓen wanda ya dace da wurin. Gawo na tsakiyar gona ne, musamman jigawa mai zurfin rairayi inda saiwarsa za ta nutse ta tarar da ruwan ƙasa. Yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi kore da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci, ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka kwanta ƙarƙashinsa su zama taki. Kowa ya ga yadda hatsin gindin gawo yake fin na nesa duhu da tsawo. Ba banza ba ake ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram har 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. Tsamiya akasin haka take: inuwarta mai kauri ce duk shekara, shuka ba ta yin kirki a ƙarƙashinta, don haka wurinta iyaka, ko bakin hanya, ko ƙofar gida. Kuka kuma ta bayan gida ce da gefen garka, inda mai miya za ta kai hannu, amma a nisanta ta da katanga da aƙalla mita 10, saboda gindin da za ta yi wata rana. Tsofaffi za su ce maka kuka da tsamiya mazaunin mutanen ɓoye ne. Ban ga wannan ya hana kowa shan kunun tsamiya ko cin miyar kuka ba.

Tara iri

Ƴaƴan gawo suna nuna daga Janairu zuwa wajen Afrilu, su yi ruwan goro, su murɗe. Kada ka dogara da waɗanda suka daɗe a ƙasa, domin ƙwaro irin mai huda wake ya riga ka zuwa. Shimfiɗa tabarma ko buhu, ka kakkaɓo da doguwar gora da sassafe kafin awaki su iso, bayan ka nemi izinin mai gonar, tunda ƴaƴan gawo haja ce da ake kaiwa kasuwa. Zaɓi uwa mai miƙaƙƙen jiki, mai lafiya, mai yawan ƴaƴa, kuma kada ka ɗebo duka daga icce guda. Bi itatuwa goma ko fiye waɗanda suke nesa da juna, ka haɗa. In duk gonarka ƴaƴan uwa ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya ta kama saura.

Kwanson gawo ba ya fashewa da kansa. Shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a turmi a kirɓa a hankali, a sheƙe, a tsince ƙwayar. Mai kyau ruwan ƙasa ce mai duhu da sheƙi. Ɗaga ta a rana ka juya: in ka ga ɗan rami zagayayye a jikinta, ta tashi daga aiki. Wanda kuma yake da garken awaki da suka ci ƴaƴan gawo, ya tankaɗe kashinsu, zai tarar da iri a ciki an riga an sussuke masa.

Irin kuka da na tsamiya sun fi sauƙi, suna nan a madafa. Ƙwayar da ta rage bayan an jiƙa ƴaƴan kuka an tace, da wadda ta rage a ƙwaryar tsamiya, duk iri ne, muddin ba a tafasa su a kan wuta ba. A wanke su sarai har zaƙin ya fita, in ba haka ba tururuwa da fumfuna za su bi su. Amma in don miya kake son kukar, kada ka ɗauki ta kasuwa da ba ka san uwarta ba. Kuka ba ɗaya ba ce: wata ganyenta sumul ne mai daɗi da yauƙi, wata mai gashi-gashi ce da ɗaci. Matan Miriya, inda kuka ta yi yawa har ganyenta ya zama abin fatauci, sun san kowace da halinta. Tambaye su. Sai dai iccen da ake yawan sassaƙe wa ganye ba ya cika yin ƴaƴa, don haka a nemi wadda aka ɗan bari.

In lokacin shuka bai yi ba, busar da irin a inuwa, a cakuɗa da toka mai sanyi, a zuba a kwalba a toshe. Irin gawo da ƙwaro bai taɓa ba yana shekaru a haka. Kada a yi masa komai na buɗe ɓawo sai ranar da za a shuka.

Lissafin kwanaki

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Daga ranar dashe ake ƙirgowa baya. A wajenmu ƙasa ba ta cika jiƙuwa har ciki sai tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, shi ya sa ma ranar 3 ga Agusta ta dace da bikin dashen itatuwa. Kudu, wajen Magarya da Dungas, ana iya rigan haka da ɗan lokaci, arewa wajen Tanut kuma a jinkirta. Gawo bai kamata ya wuce mako 10 zuwa 12 a leda ba, don haka shukarsa ƙarshen Afrilu ce zuwa farkon Mayu. Kuka da tsamiya suna son wata 3 zuwa 4, a shuka su a Maris ko farkon Afrilu. Wanda ya yi zumuɗi ya shuka gawo a Janairu, zai kai Yuli da tsiro mai kyan gani a sama, saiwa kuwa ta nannaɗe a gindin leda, ko ta huda ta shige ƙasa. Irin wannan in an dasa shi sai ya tsaya cak, ba ya mutuwa ba ya girma.

Lissafin nan ya jefa renon cikin bazara, lokacin da ruwa ya fi wuya a Zinder. Don haka auna ƙarfinka. Leda 30 da za ka iya shayarwa safe da yamma sun fi 300 da za su bushe a makon da famfo ya ɗauke. Ruwan alwala da aka tara a bokiti ya isa gida guda ya reni abin da zai dasa. Ruwan wanki mai sabulu ne ba a so.

Leda da ƙasa

Nemi baƙar ledar reno mai tsawo, santimita 25 zuwa 30, ko da siririya ce. Tsawo ake bukata, ba faɗi ba. Ledar ruwan sha ta yi gajarta ga gawo da kuka. Gorar roba ta lita ɗaya da rabi da aka yanke wa kai tana yi, in an huda mata ramuka a gindi da gefe.

Haɗin ƙasa: awo 2 na rairayin jigawa, awo 1 na taki ruɓaɓɓe wanda ya daɗe har ya koma baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro yana kuma kiran gara. A tankaɗe duka a fitar da tsakuwa da kara. Ga ledojin gawo, ɗebo tiya guda ta ƙasar gindin tsohon gawo ka barbaɗa cikin haɗin, saboda akwai ƙananan halittu a cikinta da ke zama a saiwarsa suna taya shi jawo sinadarin taki daga iska. Jiƙa haɗin kaɗan, cika leda kana bubbuga gindinta a ƙasa har ta tsaya da kanta, bar kamar yatsa guda a baki. Jera su a wuri shimfiɗaɗɗe, layin bai fi faɗin da hannunka zai kai tsakiya ba. A tara rairayi ko kara a jikin layin waje, domin rana tana dafa baƙar leda har saiwar da ke jikinta ta ƙone. Kewaye wurin da zana saboda iska da kaji, a yi rumfar kara mai shara-shara a sama. Kwana biyu ko uku kafin shuka a fara ba ledojin ruwa, ciyawar da za ta fito ta fito a cire.

Buɗe ɓawo

Fara da zuba irin a ruwa. Wanda ya taso sama yawanci fanko ne ko mai ƙwaro, a kwashe a zubar.

In irin bai fi ɗari ko ɗari biyu ba, babu abin da ya kai yanka da hannu. Ɗauki ƙwayar gawo ka duba: gefe ɗaya ya ɗan tsuke, da ɗan tabo inda take manne da kwanso. Ta nan saiwa za ta fito, kada ka taɓa wurin. Juya ɗaya gefen mai faɗi, ka sa abin yanke farce ka ɗan ɓantare ɓawon, daidai yadda za ka hango fari-farin ciki, kada ka ci naman. Wanda ba shi da abin yanke farce ya goga gefen a magagari ko a daɓen siminti. Bayan nan a jiƙa a ruwan sanyi kwana ɗaya. Da safe za ka tarar sun kumbura sun kusa ninka girmansu, ɓawon ya yi laushi har farce na shiga. Waɗannan sun shirya, a shuka su a ranar. Wanda bai kumbura ba, yankan bai ratsa ba, a sake.

Ƙwayar kuka ta fi tauri, siffarta irin ta ƙoda. Abin yanke farce ba ya cika kama ta, magagari ya fi. Goga ta bayanta, wajen da ya gantsare, ba cikin lanƙwasar ba, har baƙin ya kau ka ga haske. A jiƙa kwana ɗaya zuwa biyu, ana sauya ruwan. Tsamiya ba ta da gardama: jiƙon kwana ɗaya a ruwan sanyi yakan isa, in an ɗan karce gefenta kuma ta fi fitowa tare.

In irin da yawa ne, sai ruwan zafi. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a ba shi ƴan mintuna, a zuba a kan irin, ruwan ya ninka irin sau huɗu ko biyar, a bar shi ya huce a ciki har kwana ɗaya. Kada a ɗora iri a kan wuta, dafuwa zai yi. Wannan hanya ba ta kai yanka tabbas ba, wasu za su kumbura wasu su ƙi, sai a tsince masu kumburin a sake wa saura. Ma'aikatan gandun daji suna amfani da ruwan asid mai ƙarfi in za su yi dubbai, amma wannan ba aikin tsakar gida ba ne, yana cin fata yana makanta ido.

Abu ɗaya da za a riƙe: irin da aka jiƙa ya farka, ba ya komawa barci. In ya bushe bayan nan ya mutu.

Shuka da reno

Ƙwaya biyu a kowace leda. Zurfin gawo santimita 1, kuka da tsamiya santimita 2. A rufe da rairayi, a yayyafa ruwa da buta mai feshi ko gwangwanin da aka huhhuda, kada a kwarara ya tono irin. Gawon da aka yanka yakan leƙo cikin mako guda, tsamiya mako ɗaya zuwa biyu, kuka tana iya kai mako uku. Tsamiya takan fito da wuyanta a lanƙwashe, ta ɗago ƙwayar sama ta rabe biyu, sannan ganye ya buɗe daga tsakiya. Kuka kuma za ta ruɗe wanda bai sani ba, domin ganyenta na farko falle ɗaya ne, ba mai yatsu irin na babba ba. Kada a tuge ta a ce ciyawa ce.

In duka biyun sun fito, jira su kai tsawon yatsa, ka yanke mai raunin da reza daga gindi. Tugewa na girgiza saiwar ɗan'uwansa. Ban ruwa safe da yamma, ba da tsakar rana ba. Tura yatsa cikin ledar: in akwai laima, a dakata. Yawan ruwa na sa gindin tsiro ya yi baƙi ya tsuke ya faɗi, kuka ce kuma ta fi saurin ruɓewa. Bayan mako biyu zuwa uku a fara rage karan rumfa, gawo musamman ɗan rana ne, in ya daɗe a inuwa sai ya yi tsawo siriri ba ƙwari. Ƙadangare da ɓera da fara suna son sabon tsiro, kwaɗi kuma su haƙa rami a ledar saboda sanyi. Tsohon gidan sauro da aka lulluɓa a kan layin yana maganin yawancinsu.

Sai maganar saiwa, wadda ita ce ran aikin. Tsiron gawo mai tsawon taƙi guda, saiwarsa ta riga ta ninka haka a ƙasa. Na taɓa tsayawa wajen wani dattijo mai renon itatuwa a garkarsa, na ga yana ɗaga leda ɗaya-ɗaya yana mayarwa gefe. Na ce, “Baba, ina za ku kai su?” Ya ce, “Ba inda za su, ɗana. In na bar su kwana goma sha biyar a wuri guda, ƙasa ta riƙe su, ranar da mai saye ya zo sai dai in tsinke.” Abin da yake yi ke nan: duk mako biyu a ɗaga leda, saiwar da ta leƙo ta ramin gindi a yanke ta da wuƙa mai kaifi tun tana siririya, a shayar nan take, a yi aikin da yamma. Wanda ya jera ledojinsa a kan ragar waya da aka ɗora bisa bulo ya huta da wannan, domin saiwar da ta fito ta tarar da iska sai bakinta ya bushe da kansa.

Saura mako biyu a dasa, a cire rumfar gaba ɗaya, a mayar da ban ruwa sau ɗaya a yini. Tsiron zai ɗan yi yaushi da rana ya farfaɗo da dare. Horo ne, don gona ba ta da mai buta.

Dashe

Haƙa ramuka tun kafin ranar, santimita 40 faɗi, 40 zurfi, a wuri mai tauri a kai 50. Ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A faƙo, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, a yi gurbin tara ruwa mai siffar rabin wata a sa ramin a cikinsa. Tazarar gawo a gona mita 10 kowane gefe, icce 100 ke nan a hekta, in sun girma sun matsu a rage. A daidaita su da layin shuka don kada su tare wa garmar shanu hanya.

Ranar dashe ita ce washegarin ruwa mai ƙarfi, wanda in ka tona har gwiwar hannu za ka tarar da laima. Da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana. Shayar da ledojin kafin a ɗauka, a kama su ta gindi ba ta wuya ba, a jera su tsaye a amalanke. A bakin rami, kwantar da ledar ka yanke gindinta kamar santimita 2 da wuƙa, ƙasa da leda da duk saiwar da ta murɗe a wurin. Tsaga ledar ta gefe, sa tsiron a rami, zare ledar ba tare da dunƙulen ƙasar ya watse ba. Ledar dole ta fita. Wuyan tsiron ya yi daidai da fuskar ƙasa, ba a binne shi ba, ba a bar saiwa waje ba. Fara mayar da ƙasar sama, a tattake da ƙafa a hankali, a yi ɗan gurbi kewaye don ya tara ruwa. Inda gara ta yi yawa a barbaɗa toka a rami, kada a zuba kara ko ɗanyen taki a jikin gindin. In an yi mako ba ruwa bayan dashe, a kai masa jarka.

Gawo yana da wata hanyar da ta fi wannan arha, wasu ma sun fi yarda da ita: shuka kai tsaye a gona. Saiwar ba ta taɓa ganin leda ba, tana tafiya ƙasa ba tangarɗa. A sa ƙwaya 3 ko 4 da aka yanka aka jiƙa a rami guda bayan damina ta zauna sosai, a kafa turke a wurin, in sun fito a bar ɗaya. Haɗarinsa biyu: fari ya biyo bayan shuka, ko hauya. Tsiron gawo na wata guda bai fi ciyawa ba a idon ɗan barema da ke sauri ya gama kuyya. Nuna wa duk wanda zai yi maka noma turakun, yara ma haka. Goruba da giginya kuwa dama ba a sa su a leda, kai tsaye ake binne su inda za su zauna.

Rani na farko

Da an cire amfanin gona aka saki dabbobi, abin da ya rage kore a fili shi ne tsironka. Akuya ba ta jin ƙayar ƙaramin gawo. Kafin wannan lokaci kowane tsiro ya samu kariya: turaku huɗu da ƙayar magarya ko aduwa da aka samu wajen sassabe, ko kewayen da aka saƙa da sabara, tsawonsa ya kai ƙirji, a ɗaure shi da turke don iskar hunturu. A cikin gari bulo da aka jera da tazara ya fi ƙaya daɗewa, tunda ƙaya tana ƙarewa a murhun maƙwabta. A riƙa leƙawa, gara na cin turaku. Kariyar nan shekara biyu zuwa uku ce, har kan iccen ya wuce bakin akuyar da ta miƙe a ƙafa biyu.

Gawon da aka dasa a kan lokaci ba ya neman ban ruwa da rani. Tsamiya tana so, musamman a bazarar farko: bokiti guda a mako, a zuba a hankali ya nutse, ya fi yayyafin kullum da ke tsayar da saiwa a sama. Kuka za ta zubar da ganye ta zama sanda tsirara. Ba mutuwa ta yi ba, ta tara ruwa a wata kumburarriyar saiwa a ƙasa. Karce fatar da farce, in ka ga kore ka ƙyale ta.

A shekara ta biyu gawo yakan bazu ya yi rassa barkatai a ƙasa maimakon ya miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: zaɓi reshe ɗaya mafi ƙarfi, ɗaure shi da turke, yanke na ƙasa da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada fatar ta ɗaye, amma kada a yi masa aski har ƙoli, a bar rabin sama da rassansa. Shekarun farko ba ya burge kowa, ƙarfinsa na tafiya ƙasa, sai saiwar ta tarar da laima yake harbawa. Ƴaƴa sai wajen shekara 7 ko fiye. Tsamiyar iri ma haka, shekara 7 zuwa 10, wani lokaci ta wuce. Kuka takan fi su jinkirin ƴaƴa, amma ganye ba sai an jira ba. Mai garka yana iya shuka ta a fangali kusa-kusa, tazarar taƙi guda, yana shayarwa, cikin ƴan watanni ya fara tsinkar ɗanyen ganye, yana datse kanta a tsawon ƙugu don kada ta wuce hannu. Waɗanda ake so su zama manyan itatuwa su ne ba a taɓa wa ganye sai sun shekara biyu ko uku.